Kwamfutar gem ɗin da na haɗo wa yarona a Kano, da yadda muka kwashe da masu shagon

Wata shida kenan da shigo da kwamfutar nan gida, sai yanzu na ga ya dace in yi maganarta, don ance ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ta sha ƙurar hunturu, ta shiga zafin bazara, yaran gidanmu da na maƙota sun yi mata rubdugu, to yanzu kam in nace wani abu a kanta na san me nake cewa.

Ni dai mai cajin waya ne a wani ƙauye gefen Ringim, ina da 'yar rumfa a bakin titi, ina caji, ina tura wa mutane karatu da fina-finai a memori, ina ɗan taɓa POS. Yarona shekararsa 8, yana aji uku. Tun bara ya addabe ni da waya, in na ajiye ta na tafi masallaci kafin in dawo ya cinye cajin ya cika min ita da gem ɗin mota. Wannan duk mai sauƙi ne. Abinda ya tayar min da hankali shi ne ranar da na tsinto shi a gidan gem na bayan kasuwa, inda ake buga ƙwallo a na'urar gem ta PS2, ya lafe a tsakiyar samari ana ta ashar ana busa sigari, shi ko kuɗin bugawar ma ba shi da su, kallo kawai yake yi baki buɗe. Na ja kunnensa, mamansa ta yi faɗa, bayan kwana uku ya koma. Sai nace a raina tunda abin ya shiga ransa gara in kawo shi cikin gida inda idona yake.

Wasu suka ce in sayo PS kawai in huta. Na yi tunanin hakan, amma PS wasa ne zalla, ni kuma ina son ko ba komai hannunsa ya saba da kibod, don ga yaranmu nan suna gama sakandare su je jarrabawar JAMB a kwamfuta su zauna suna neman inda harafi yake, lokaci na tafiya. Da kaka ta yi na sayar da riɗina, na ware dubu 250, nace ko sisi ba zan ƙara ba.

Na shiga mota da sassafe, na sauka Yankaba, na hau adaidaita zuwa Sabon Gari wajen France Road. Shagon farko da na shiga, wani ɗan gaye ya nuna min wata mai gilas a gefe, fankoki uku suna ta juyawa da fitilu ja da kore da shuɗi kamar motar amarya, da ya faɗi kuɗin wallahi ko albarka ban iya cewa ba, na juya kawai. Na biyu haka, na uku ma haka. Duk wanda ka ce wa gem sai ya ɗauka kai ɗan wani ne.

Shagon da na yi ciniki a ƙarshe yana can cikin wani lungu ne, ba shi da wani ado, kwamfutocin tokumbo ne jibge har rufi kamar bulo, da wani dattijo mai gemu a bayan tebur da yaransa biyu. Ba zan faɗi sunan wurin ba don akwai yabo akwai kuma ƙorafi a maganar tawa. Na yi sallama na faɗi abinda ya kawo ni, maimakon ya fara zayyano min kaya sai yace, Malam daga ina? Nace ƙauye ne wajen Ringim. Yace wace irin wuta kuke da ita a can? Nan take na ji na natsu da shi, don duk shagunan da na zaga babu wanda ya yi min wannan tambayar, kuma ita ce gaba da komai. Nace wutar layi dai sai mu yi sati biyu ba mu gan ta ba, amma ina da sola, batir ɗaya ne mai 200 da inbata ƙarama. Yace to ka cire ranka daga waccan mai fitilun ko da kana da kuɗinta, irinsu in suna wasa sai su ja wat 300 ko 400, batirinka ba zai kai ko'ina ba, kuma rumfarka ce za ta zauna babu caji.

Ya sa yaro ya sauko da wata baƙa siririya, Dell OptiPlex 9020, irin wadda ake gani a ofisoshi da bankuna. Tsohuwa ce kam, furosesan cikinta Core i5-4570 ne, tun 2013 aka fitar da irinsa, ƙwaƙwalwa huɗu gare shi. Nace Alhaji wannan ai ta girmi yaron nawa. Yayi dariya yace da tsohuwar zuma ake magani, an yi su ne don su wuni a kunne a ofis, kuma kayan gyaransu sun cika kasuwa. Ram ɗinta, wato memorin da take riƙe aikin da take kai, DDR3 ne gig 4, ya ƙara wani gig 4 ɗin ya zama 8, yace sanda biyu masu kama ɗaya sun fi sanda ɗaya babba sauri saboda hanya biyu suke bi, kuma ga ramuka biyu nan sun rage in wata rana na samu hali. Ya cire tsohon hadis ɗin mai juyawa ya sa SSD gig 256, wato ma'ajiyar zamani mai sauri da ba ta juyawa. Wannan canjin shi ne wanda duk mai tsohuwar kwamfuta ya kamata ya fara yi, kafin in gama gyara zama ta riga ta buɗe, ta rumfata kuwa mai tsohon hadis sai in kunna ta in je in yi alwala in dawo tana nan tana tunani.

Sai maganar katin hoto, wato girafik kad, wanda ke zana hoton gem a monita, nan ne labarin yake. Ita wannan siririyar ba kowane kati take ɗauka ba, sai gajere mai ɗan ƙaramin ƙarfe a baya, kuma abin wutarta wat 255 ne kawai, ba shi da wata wayar da za a jona wa kati daban, dole sai wanda ke shan wutarsa daga ramin da aka soka shi. Ya lissafo min GTX 750 Ti mai shan wat 60, da GTX 1050 Ti mai 75 wanda ya fi su ƙarfi ya kuma fi su tsada, gajerensa ma wahalar samu gare shi, sai GT 1030 mai gig 2 da ke shan wat 30 kacal. Saboda sola muka tsaya a kan 1030. Muka yi ta ja, ina cewa a rage yana cewa albarka, har muka daidaita, kwamfutar da ƙarin ram da SSD dubu 125, kati dubu 65, monita inci 19 dubu 35, ragowar ta tafi a kibod da maus da hannun gem biyu da kuɗin mota. Yace ya sallama, nace Allah ya sa albarka. Lokacin azahar ta yi, ya tafi masallaci ya bar yaransa su haɗa, ni ma na bi bayansa. Kuskurena kenan.

Na dawo gida aka haɗa, ranar gidanmu kamar ana suna. Kakarsa ta leƙo tace wannan wace irin talabijin ce sai an matsa mata take motsi. Kwana biyu ina murna, amma in aka sa ƙwallo, PES 2017, sai in ga 'yan wasan suna ɗan tsayawa suna tafiya kamar masu ɗingishi, musamman in an zo gaban raga. Nace ko haka abin yake. Sai wani ƙanina da ke karatu a jami'ar Wudil ya zo hutu, ya zauna ya kalla yace Yaya wannan ba daidai ba ne, 1030 ya fi ƙarfin wannan gem ɗin. Ya ɗauko filas ɗinsa ya sa wata 'yar manhaja GPU-Z, ita tana faɗa maka gaskiyar abinda ke cikin kati ko me aka rubuta a kwali, sai ga shi a wajen memori an rubuta DDR4. Ashe 1030 ɗin iri biyu ne, suna ɗaya kamanni ɗaya, akwai mai memori GDDR5 na asali da ya fito a 2017, akwai mai DDR4 da ya biyo baya, wanda hanyar da bayanai ke bi a cikinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ce kawai ta wancan, a wasa kuwa wani lokacin rabin aikin wancan yake yi. Ni kuma na ji da kunnena dattijon yace mai GDDR5 za a sa min, har a rasit an rubuta. Rashin sani ya fi dare duhu, da ƙanin nan bai zo ba da har yau ina nan ina zargin tsufan kwamfutar.

Na kira lambar da ke jikin rasit, yaron shagon ne ya ɗauka, yace Alhaji duk ɗaya ne ai, 1030 1030 ne. Ni da ko Kaduna ban cika zuwa ba yau na zama Alhaji don a rufe min baki. Nace ba ni maigidanka. Yace ya fita. Kwana uku ina kira ana ce min ya fita, raina ya ɓaci sosai, na cire katin na naɗe a leda na sake biyan kuɗin mota zuwa Kano, na rufe rumfa wuni guda, wannan asarar babu mai biya na. Na tarar da dattijon a zaune, na ajiye masa kati da rasit da hoton da muka ɗauka a waya. Ya duba, ya kira yaron, bai yi masa faɗa a gabana da yawa ba amma kallon da yayi masa ya isa. Yace Malam ka yi haƙuri, amana ka ba mu, laifinmu ne. Ya buɗe durowa ya ɗauko wani, ya sa a wata kwamfutar a gabana, ya buɗe GPU-Z ɗin da kansa ya juyo min da monita in gani da idona. Ya ƙara min da wata 'yar na'urar waifai ta USB kyauta, don ita wannan kwamfutar ba ta zuwa da waifai a jikinta, ya kuma ba ni dubu biyu yace in rage kuɗin mota. Ban sani ba ko yaron kuskure yayi ko da gangan ya so ya ci bambancin kuɗin, Allah ya san zuciyarsa, ni dai abinda na gani na faɗa. Da na dawo na sa sabon katin ɗingishin nan ya tafi gaba ɗaya.

Ƙorafina na biyu a kansu shi ne abinda suka loda. Na faɗa musu da bakina yaro ne ɗan shekara 8, amma da na zauna na bi abinda ke ciki sai ga GTA San Andreas, da wasu na harbe-harbe, jini ko'ina. GTA ɗin nan a jikin kwalinsa ma an rubuta na 'yan shekara 18 ne, ana fashin mota ana dukan mutane a titi, akwai wuraren da ko babba zai kau da kai. Su a wajensu kyauta suka yi min, duk wanda ya sayi kwamfuta haka suke zuba masa, ba sa tambaya. Na goge su tas a daren farko kafin ya gani. Duk wanda zai sayo wa yaro don Allah kar ya miƙa masa sai ya zauna ya buɗe komai ɗaya bayan ɗaya, har da foldar bidiyo.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ba su faɗa min ba sai da na ci karo da su. Monitan ramin jona waya irin VGA kawai gare shi, katin kuma HDMI da DVI, sai da aka nemo 'yar mahaɗa, ita ma ta farko sati uku ta yi ta mutu. Windows 10 ce a kai, kuma Microsoft ta daina ba ta sabuntawa ta kyauta tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa 11 a ƙa'ida sai furosesa daga ƙarni na 8 zuwa sama, namu na 4 ne. Mu bai dame mu ba tunda kwamfutar ba ta hawa intanet sai in ni na haɗa ta da wayata in sauke wani abu in cire, amma mai niyyar yin harkar banki ko ta aiki a kai ya san da wannan kafin ya biya. Sai agogonta da ya riƙa komawa baya duk lokacin da aka cire wuta, ashe ɗan batirin nan ne mai kamar kwabo, CR2032, ya mutu, a kasuwar Ringim na samo wajen mai gyaran agogo.

Wuta kuwa maganar dattijo ta fito. Da monita da komai in ana wasa abinda inbatata ke nunawa bai cika wuce wat ɗari da 'yan kai ba. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 a lissafi wat 2400 ne na awa guda, amma duk mai sola ya san ba a shanye shi ƙasa da rabi in ana son ya yi ƙarko, to awa biyu na wasa ba ya taɓa min komai, balle ma da rana ake yi lokacin da faifan ke kawowa. Ranar da aka kawo wutar layi ma ba na yarda in jona ta kai tsaye, don irin yadda take zuwa da ƙarfi ta koma ƙasa ta ƙona mana caja ba ɗaya ba ba biyu ba. Amma fa gaskiya, wanda ba shi da sola ko janareto kar ya bi hanyata, ya nemi laftof tokumbo mai batir mai kyau ya riƙa kawo mana caji, ita ta tebur da wuta ta ɗauke ɗif take mutuwa, kuma yawan hakan yana lalata abin ciki.

Abinda babu wanda ya gargaɗe ni a kai, har dattijon, ita ce ƙura. Ɗakinmu na ƙasa ne da daɓen siminti, tagar katako, da hunturu ya kankama wata ɗaya kawai fankar ta fara kuka kamar injin markaɗe. Na buɗe murfin, abin sauƙi ne ma hannu ɗaya ake ja ba sai da sukundireba ba, na tarar da ƙura ta yi kauri a kan fanka kamar an shimfiɗa bargo, har da gizo-gizo ya fara gini. Na ari bulowa wajen mai gyaran janareto na hure ta a tsakar gida, ka riƙe fankar da yatsa kar iska ta juya ta da ƙarfi. Tun daga nan na ɗora ta a kan benci ba a ƙasa ba, mamansa ta ɗinka mata riga da ragowar atamfa ana rufe ta in an gama, amma ba a rufe ta tana kunne. Da bazara ta shigo, zafin nan namu da ke haura digiri 40, sai ta fara yin nauyi da tsakar rana, ƙanina ya goge busasshen man da ke kan furosesa ya shafa sabo, muka kuma mayar da lokacin wasa zuwa bayan la'asar ko da hantsi. Tun lokacin lafiya lau.

To me yaron yake yi da ita? Nan ne zan faɗi gaskiyar da ta ɗan ba ni kunya. Ƙanina ya zuba masa na kyauta waɗanda ba sa buƙatar data. Akwai SuperTuxKart na tseren mota, mutum biyu har huɗu suna iya yi a monita ɗaya kowa da ɓangarensa, shi ne ke haddasa ihu a gidan. Akwai GCompris mai wasanni sama da 100 na lissafi da haruffa da koyon riƙe maus, ƙanwarsa 'yar shekara 5 ma tana taɓawa. Akwai Tux Paint na zane, ya zana rumfata da ni a ciki da ƙaton kai. Akwai Luanti da a da ake kira Minetest, mai kama da Minecraft amma shi ba a biya, a nan ya gina masallaci da rijiya da garken shanu, yana nuna wa kakarsa tana cewa to saura rumbu. Roblox da yake ji a bakin 'yan birni nace a'a, data yake ci kuma ana hira da baƙin mutane a ciki. Duk waɗannan da na lissafa, ƙanina ya cire katin ya gwada, kwamfutar da hoton jikinta Intel HD 4600 tana ɗaukarsu in an rage musu ƙyalli. Wato dubu 65 ɗin nan da na sha wahala a kansu har sau biyu zuwa Kano, ƙwallo kawai suke yi wa aiki, ƙwallon kuma ni da ƙanina muka fi bugawa bayan isha'i in yara sun kwanta. Mamansa ta gano wannan tun tuni, in ta wuce sai tace sannu da renon yaro.

Don haka wanda kuɗinsa bai kai ba ya sayi kwamfutar da ram 8 da SSD ya tsaya nan, kati ya jira sai yaro ya girma ya fara neman abinda ya fi haka. Hannun gem kuwa kar a sayi mafi arha, araha ba ta ado, guda ɗaya cikin biyun da na sayo maɓallinsa ya nutse a wata na biyu.

Dokar gidan ita ce Alhamis da Juma'a da babu makarantar allo awa biyu-biyu, Asabar da Lahadi awa ɗaya bayan an dawo islamiyya, kuma sai yayi minti goma yana koyon buga rubutu kafin a buɗe mota. Wayar wutar a rumfa take kwana a cikin jakata, don na taɓa dawowa na tarar da yara tara a ɗakin, har da wanda ban san ɗan gidan waye ba, an yi layi ana karɓa-karɓa, wai nawa har ya fara cewa kowa ya kawo alawa kafin ya taɓa. Gidan gem na bayan kasuwa dai bai sake zuwa ba, sai dai ina tsoron kar nawa gidan ya zama shi.

Shagon in za a ba da maki cikin goma zan ba dattijon takwas, yaransa huɗu. Zan koma wajensa, na ma riga na tura mutum biyu, hedimasta ɗin firamarenmu da wani mai kemis, amma kowanne na ce masa ya tabbata maigidan yana nan, kar ya tashi daga wurin sai an haɗa an kunna a gabansa ko da za a kira sallah ya bari a idar a dawo tare, a rubuta masa sunan kowane abu a rasit, kuma ya tafi da GPU-Z a filas. Mai kemis ɗin ya dawo yana dariya, yace da yaron shagon ya ga ya fito da filas sai yace, kai ma daga Ringim kake ko?

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan shiga Kano sayen cajoji, zan biya in sayo sabon hannu, in kuma tambaye shi kuɗin sifika ƙarama, don wadda ke cikin kwamfutar in yara suka fara ihu ko ƙarar motar ba a ji.